Neman shawara kan shirya gasar kacici-kacici ta sanin addinin Katolika ga 'yan makaranta

Malamar katikizim, Sakkwato:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Kristi. Fadanmu, wato limamin majami'armu, ya ɗora mini nauyin shirya gasar kacici-kacici a kan koyarwar Ikkilisiya tsakanin 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare na majami'armu, kuma yana so a yi ta kafin Kirsimeti. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gudanar da irinta su faɗa mini inda ake ciro tambayoyi, da yadda ake ba da maki, da harshen da ya dace, domin wasu yaran da Hausa suka koyi addu'o'insu, wasu kuma da Turanci.

Dattijon katikist:
Salama, 'yata. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ki iyakance abin da za a tambaya, ki rubuta shi, ki raba wa kowace ƙungiya tun da sauran lokaci, saboda Littafi Mai Tsarki namu littattafai 73 ne, 46 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabo, kuma babu yaron da zai karance su domin gasa. Ki zaɓi Bishara ɗaya. Ta Markus ce mafi gajarta, sura 16 kawai, amma tunda Kirsimeti ake fuskanta, ni da zan ɗauki ta Luka, wadda ta ba da labarin haihuwar Yesu a surori biyu na farko. Sauran tambayoyin ki bi tsarin babban Katikizim, wato littafin koyarwar Ikkilisiyar Katolika, da aka fitar a 1992 zamanin Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya kasu huɗu: bangaskiya, sakramenti bakwai (ibadu masu tsarki irin su baftisma), zaman Kirista bisa Dokoki Goma, da addu'a. Taƙaitaccensa na 2005 tambaya da amsa ne gaba ɗaya, guda 598, don haka zai rage miki wahala sosai, sai dai wasu amsoshin sun fi ƙarfin 'yan firamare.

Malamin sakandare:
Malama, yadda muke yi shi ne kowace ƙungiya yara uku, yaro ya zaɓi lamba, a karanta masa tambayar da ke ƙarƙashinta, a ba shi daƙiƙa talatin. Idan ya amsa daidai maki biyu, idan ya kasa sai tambayar ta koma ga ƙungiya ta gaba a kan maki ɗaya. Kada ki haɗa 'yan firamare da 'yan sakandare a zagaye guda. Alƙalai su zama uku, ban da iyayen masu gasa da malaman da suka horar da su, kuma kowannensu ya riƙe takardar amsoshi da ayar da aka ciro kowace amsa, domin gardama ba ta tashi sai a wurin da babu hujja a rubuce.

Wata uwa:
Ni batun harshe ne ya dame ni, Malama. 'Yata ta haddace A Gaishe Ki Maryamu da Addu'ar Ubangiji da Hausa tun tana ƙarama, amma a wata gasa aka tambaye ta da Turanci, ta yi shiru alhali ta san amsar. Ina roƙonki a karanta kowace tambaya da harsunan biyu, a bar yaro ya amsa da wanda ya fi masa sauƙi.

Dattijon katikist:
Maganarki gaskiya ce, Mama, kuma wajibi ne alƙalan su ji harsunan biyu. Ina ƙara cewa a saka zagayen da yaro zai yi bayani da bakinsa, misali dalilin da ya sa ake yin baftisma, a ba wannan zagaye maki mafi yawa, domin akwai yaran da za su jero sakramenti bakwai ba tuntuɓe, amma ba su san amfanin ko ɗaya ba.

Malamar katikizim, Sakkwato:
Na gode, Baba, da ku duka. Zan ɗauki Bisharar Luka, in rubuta tambayoyin da Hausa da Turanci, sannan in kai wa Fada ya duba amsoshin ranar Lahadi bayan Misa.