Wace Hausa za mu ba "daibashan" da 'yan uwansa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kano tun da aka fara sake gina ta a 2018 ya san wuraren da ake rufe hannu ɗaya, a tara motoci duka a ɗayan. Direbobi "daibashan" suke cewa. Da za a rubuta allon gargaɗin da Hausa, me za a sa?

2/ Sharaɗina ɗaya ne: gajarta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ka rubuta "an karkatar da hanya saboda aikin gyara", kafin direba ya kai ƙarshen jimlar ya iso kan leburan da ke baza tsakuwa.

3/ Ni "ratse" nake so. RATSE A GABA, shi ke nan. Wani ya ce a sa "kwana". Ban yarda ba. Kwana tare da hanya aka gina ta, direban da ya saba ya san inda take ko da dare. Ratse kuwa jiya babu, yau akwai, kuma abin da muke so ya shiga kansa ke nan ya taka burki.

4/ Robar nan mai ruwan lemo da ake jerawa: mazurarin hanya. Kifaffen mazurari ce a ido, jerin nata ma aikin mazurari yake yi, a karkace ake jera su don motoci su matsu a hankali su koma layi ɗaya.

5/ Rigar ma'aikata fa? An ce "rigar ƙyalli", amma ƙyalli na kwalliya ne. Farin layin da ke jikinta mayar da hasken fitila yake yi zuwa idon direba. Na fi son "rigar a-gan-ni". Mai tsayar da motoci kuma "ɗan tuta", wannan babu gardama.

6/ Wanda ya gagare ni shi ne filin da ake bari wayam tsakanin inda mazuraran suka gama matse motoci da inda ake aikin. Da gangan ake barinsa, don in burkin tirela ya tsinke ta samu inda za ta tsaya kafin ta kai ga mutane. Da yake ba shi da suna, 'yan acaɓa su kutsa, masu talla su kafa faranti, har motar kwangila a ajiye a ciki. "Tazarar tsira" na rubuta, amma ta yi mini kama da Hausar rediyo. Direbobin tasha da masu aikin titi, ku me kuke ce masa?