Zabiya ta ce "matso", mun amsa da baiti

Ɗan Auta:
Salamu alaikum jama'a. Yau kwana uku da zabiyar nan ta saki sabuwar waƙarta, wadda take tsokanar wani saurayi mai yawan kallo da ƙarancin magana. Kowa na ta faɗin albarkacin bakinsa. Ni da baiti zan faɗi nawa, mai amsawa ya amsa da baiti.

Daren Juma'a ta sako ta fili,
Kafin asuba ta gama duniya.
Ta ce wa yaron, kana ta kallo,
Idonka ya furta, ka bar ɓuya.
Ta ja kalma cikin shagwaɓa,
Ta yanke baiti da 'yar dariya.
Na sa ta sau goma ban ƙoshi ba,
Na sa ta har caji ya bar waya.
Ku nuna min in akwai aibunta,
Ni ban ga komai ba sai soyayya.

Goggon Yara:
Ɗana, ka tambaya, to ga amsa,
Ka buɗe kunne ka ji gaskiya.
Soyayya tana da labulenta,
Wannan ko ta fito ba kunya.
Jikata shekararta bakwai,
Jiya na same ta tana rausaya,
Tana fari da ido gaban madubi,
Tana "matso nan" da karairaya.
Ba ta san fassarar kalmar ba,
Bakinta dai ya riga ya iya.
Masu sako ta ba su tambaye mu ba,
Mu aka bar wa aikin tarbiyya.

'Yar Baiwa:
Goggo, a gafarce ni, zan canja amsa-amo, don maganar tawa ba ta shiga naku.

Na durƙusa, Goggo, a yi min afuwa,
Ban zo da raini ko musu ba.
Maza nawa ne suka rera irinta,
Ba a ce musu ba su kyauta ba?
Namiji ya yabi ido da tafiya,
Mu tafa, ba mu ga laifi ba.
Ya ce "taho", a kira shi gwani,
Ta faɗa, wai ba a kwaɓe ta ba.
Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya,
Ban tsinci batsa ko guda ba.
Abin da ke ƙona wa mutane rai,
Ita ta fara, ba ta jira ba.

Makaɗin Sutudiyo:
Haɗa kiɗa sana'ata ce, bari in ɗaga muku labule kaɗan. Sakin waƙa ran Juma'a ba katari ba ne. Tun watan Yulin 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da Juma'a ta zama ranar fitar da sababbi. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify kuwa ba a ƙirga an saurari waƙa sai mai sauraro ya kai daƙiƙa 30. Ku riƙe wannan a rai, ga nawa:

Ƙanwata, ke kina faɗan 'yanci,
Ni ko ina hango tsarin aiki.
Daƙiƙa 30 ake farauta,
In ka tsaya, riba ta shigo ciki.
Shi ya sa amshi ya zo da wuri,
Ba a jira kiɗa ya ratsa jiki.
'Yar dariyar nan da kuke yabo,
Sau nawa aka maimaita ta a ɗaki?
An ɗauka, an goge, an sake,
Har ta yi kama da suɓutar baki.
Muryar da ta miƙe kamar kibiya,
Auto-Tune ne, ku bar mamaki.
Tun 1997 yake hannunmu,
Yana yi wa yagaggiyar murya ɗinki.
Gutsuren da aka yanka wa TikTok,
Shi ne ƙugiya, saura kayan biki.
Mai zagi ya danna, mai yabo ya danna,
Na'ura ba ta gane tsaki.
Duk wanda ya leƙa an ƙirga shi,
Goggo ma an sa ta a ciki.

Goggon Yara:
Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka.

Sau ɗaya na danna, shi ma dole,
Don in san abin da nake hana.
In na'ura ta rubuta ni masoyiya,
Ta shara ƙarya tsakar rana.

Tsohon Malami:
Ku ba tsoho wuri ya zauna,
Na ga irin wannan da yawa.
A 1957 can a Amurka,
Mawaƙi Elvis ya hau talabijin da rawa,
Aka ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama,
Don kar a ga ƙasa na kaɗawa.
Tsarar da ta yi masa ihu ran nan,
Ita ce a 1985 ke tsawa,
Har aka fara liƙa wa faifai
Gargaɗin iyaye don kiyayewa.
Hajiya, kukanki ba wasa ba ne,
Kunnen yaro akwai kamawa.
Sai dai ban taɓa ganin tsawa
Ta kashe waƙa ba, sai ƙara yaɗawa.
Ni abin da ya dame ni daban ne,
Baitocin ba su da ɗorewa.
Kalma biyar ake ta juyi,
Ba azanci, ba ƙullin warwarewa.
Kwarkwasa ma ai fasaha ce,
A ɓoye rabi, a bar ka da nemowa.
Wannan ta zube komai a faranti,
Wata guda za a yi a mance da kowa.

'Yar Baiwa:
Baba, da girmanka, a amshi ka tsaya,
Ba ka kai baiti na biyu ba.
Ta ce masa, zan ƙirga uku in tafi,
In har ba ka buɗe baki ba.
Ta ce ɗaya, ta ce biyu, kiɗa ya ɗauke,
Waƙar ta ƙare ba ta ce uku ba.
Ka ce a ɓoye rabi a bar mu da nema,
In ba wannan ba ne, ban san shi ba.

Tsohon Malami:
Na koma na saurara har ƙarshe. 'Yata, kin ci wannan.

Na yi hukunci tun a bakin ƙofa,
Ga shi yarinya ta gyara min zama.
Amshin dai har yanzu ruwa-ruwa ne,
Amma ƙirgar nan, na sara mata, ta gama.

Makaɗin Sutudiyo:
Shirun ma ni na san yadda ake yin sa, amma ba zan ɓata muku ba. Ya yi kyau, ko da hannu aka auna shi.

Goggon Yara:
Tunda gaskiya ake bi, akwai gyara.

'Yata, kin faɗi rabi kin bar rabi,
Ba a biyu ta tsaya da ƙidaya ba.
Can ƙasa-ƙasa ta ce "biyu da rabi",
Sai ta ja numfashi, ba ku ji ba?

Ɗan Auta:
La'ila! Ni mai sau goma ban kama wannan ba.

Goggo, sau ɗaya kika ce kin danna,
Wane irin kunne Allah ya ba ki?
Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi,
Makaɗi, ƙara mata tara a ciki.

Goggon Yara:
Jikar ce ke sa ta, ni wucewa nake yi. Kuma har gobe ban yarda ta yi gaban madubi ba.