Kunun zaƙi mai tsiro: wai har ya zama burukutu?

Mai Kunu ta Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Wata magana ce ke yawo a unguwanni, wai duk kunun zaƙin da aka sa wa tsiro burukutu ne aka sauya wa suna, har wasu iyaye sun fara hana yara saye. Mata nawa ne ke riƙe da marayu da wannan sana'a? Ga yadda ake yi, kowa ya duba ya nuna min inda giyar take. Gero mudu 1, a surfa, a wanke, a rege, a jiƙa awa 10 zuwa 12. A markaɗa da citta da kanumfari da ɗan masoro. Tsiron dawa ko na shinkafa gwangwanin madara 2, a markaɗa shi daban tare da busasshen dankali. Ƙullun geron a raba shi uku, kashi 2 a sheƙa musu tafasasshen ruwa kamar lita 6 har ya yi kauri irin na koko. A bari ya sha iska, a zuba ɗanyen kason da tsiron, a juya sosai. A rufe ya kwana ya tashi, da asuba a tace. Don Allah ina giya a nan?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai da bakinki kika faɗa, kin ce "ya tashi". Kunu ba ya tashi. Kunu yana sakewa, ya tsinke, ya yi zaƙi. Abin da ke tashi shi ne wanda yis ya shiga, yana kumfa yana fitar da iska. In dai naki tashi yake yi, to a sake duba shi.

Mai Kunu ta Kurna: Malam, salon magana ne. A wajenmu in an ce ya tashi ana nufin ya nuna.

Bazazzagi: Nuna daban, tashi daban, Hajiya. Ƙullun waina ne ke tashi.

'Yar Bauchi: Masa dai, Malam. Kuma in tashi ne laifi, to kowa ya daina cin masa da burodi da fanke. Shinkafa gwangwani 8, yis ƙaramin cokali 1, awa 5 zuwa 6 a wuri mai ɗumi, ƙullu ya ciko roba yana ƙamshin tsami. Wa ya taɓa kiran wannan giya?

Bakano: Waina sunanta, Anti. Masa ta gero ce ko ta masara.

'Yar Bauchi: Ku je ku koyi yin ta tukuna sannan ku raɗa mata suna. Taku ba a zuba mata dafaffiyar shinkafa yadda ya kamata, shi ya sa in ta huce take zama kamar faifai.

Malamin Kimiyya: Ku yi haƙuri in raba abubuwa uku da ake cuɗawa. Na farko aikin tsiro. Idan ƙwaya ta fara tsira, tana samar da wani sinadari mai suna amiles, wanda ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa kunu mai kauri ke tsinkewa ya yi zaƙi cikin awa 1 zuwa 2 bayan an zuba tsiro. Babu barasa a wannan mataki ko kaɗan. Dankalin Hausa ma yana da irin wannan sinadari da yawa, aikinsu ɗaya. Na biyu tsami. Wannan aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne, 'yan uwan waɗanda ke mai da madara kindirmo. Na uku yis, shi ne ke cin sukari ya fitar da barasa da iska. Yis yana nan a jikin hatsi da ƙwarya da muciya ko ba a zuba shi ba, sai dai a daren farko masu tsami ne suka fi rinjaye. A ƙiyasi, duk giram 17 na sukari da yis ya cinye a lita 1 yana ba da barasa kashi 1 cikin 100.

Bazazzagi: To Malam ka goyi bayana ke nan. Iska ta fito, yis ne, barasa ce.

Malamin Kimiyya: Ban ce haka ba. Cikin masu kawo tsamin akwai waɗanda su ma suna fitar da iska. Ganin 'yar kumfa a saman kunu da asuba bai isa hujja ba.

Bazazzagi: Amma ka yarda kalmar "tashi" kuskure ce.

Ɗan Damagaram: Ku mutanen Najeriya kun cika son rigima a kan baki. A nan cewa muke ya yi tsami, shi ke nan. Kuma gaskiyar magana ba tsiro ne ke ɓata kununku ba, sukari ne. Kunun zaƙi na asali daga hatsi yake samun zaƙinsa. Ku kuwa sai ku tace, ku zuba sukari kofi 3 a bokiti, ku ɗura a gorar roba ku murɗe murfi, ku ajiye a rana tun safe har la'asar. Gorar ta kumbura ta yi tauri, a buɗe ta yi tsiit. Wannan kam ko ni ba zan sha ba.

Mai Kunu ta Kurna: Yaya, wa ya ce maka a rana muke ajiyewa? A kula ake sawa da ƙanƙara. Kuma in ba a ƙara sukari ba yaran yanzu ba sa saye.

Ɗan Damagaram: Ƙanƙarar da ke narkewa kafin azahar a watan Afrilu?

Maman Biyu daga Kafanchan: Bari in sa baki, don a yankinmu ana dafa burukutu a fili, kowa ya san yadda ake yi. Wanda ya ce kunun zaƙi burukutu ne bai taɓa ganin ɗayansu a kan wuta ba. Burukutu kusan duka hatsinsa tsiro ne, jar dawa, ba gwangwani 2 a mudu ba. Ana jiƙa ta, a shanya a rufe kwana 3 zuwa 5 ta tsira, a busar, a niƙa. A kwaɓa da ruwa a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasan, sannan a mayar da ruwan saman a haɗa. A bari ya yi tsami dare ɗaya, a sake tafasa shi awanni har ya ƙafe ya yi kauri da zaƙi. Tafasar ta biyun nan tana kashe masu tsamin. In ya huce sai a zuba masa guntun tsohuwar giya, wadda yis ya cika, a bar shi kwana 1 zuwa 2 yana tafasa da kansa babu wuta. A nan ne ake samun barasa kamar kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Aikin kusan mako guda ne, kuma da gangan ake kiwon yis ɗin. Pito na Gana da bilbil na Kamaru da Chadi duk wannan hanyar ce da ɗan bambanci. Mai kunu ba ta yin tafasa ta biyu, ba ta zuba tsohon kunu.

Bakano: Wasu suna zubawa, Mama. Ragowar na jiya da bai ƙare ba sai a juye a sabo don kada a yi asara.

Maman Biyu daga Kafanchan: To wannan kam kuskure ne babba, ɗana. Wanda ya yi haka ya ba yis iri. Haka in ana amfani da ƙwarya ko tukunyar ƙasa ba a ƙona ta da ruwan zafi, yis yana zaune a ramukanta.

Almajirin Zaure: Allah ya saka wa kowa. Hukunci ba a kan sunan abu yake ba, a kan maye yake. A Sahihu Muslim wani mutum daga Yaman ya tambayi Annabi (SAW) game da abin shan da suke yi da dawa mai suna mizru, sai ya tambaye shi ko yana sa maye, da ya ce eh, sai ya ce duk mai sa maye haramun ne. Kuma ya tabbata ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Don haka kwana ɗaya kaɗai bai haramta abu ba.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, ai malamai sun ce in ya tafasa ya yi kumfa a bar shi ko bai kai kwana 3 ba. Kumfa kuwa ita ce tashi. Mun dawo kan maganata.

Almajirin Zaure: Kumfar da ake nufi ita ce wadda ke nuna ya yi ƙarfi, ba kowace kumfa ba. Fura ma tana kumbura.

Bakatsine: Kada a taɓa fura. Fura dafaffiya ce, nono ne mai tsamin.

'Yar Bauchi: Furar da ta kwana a zafi fa? Tsaga ta ka shinshina.

Injiniya a Turai: Ni abin da ya dame ni, kowa na magana da hanci da harshe, babu mai awo. A Amurka da Ingila akwai masu dafa giya a gida don sha'awa kawai. Ingila ta cire musu sharaɗin lasisi a 1963, Amurka ta halatta a dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, galan 100 a shekara ga baligi ɗaya. Ba ina tallata ta ba ne, kayan awonsu nake so mu ara. Suna da wani bututun gilashi mai suna haidiromita da ake tsomawa a ruwa ya nuna nauyinsa. A auna kafin yis ya fara aiki, a auna bayan ya gama, a ɗebe, a ninka da 131. Misali daga 1.050 zuwa 1.010, bambanci 0.040, barasa kusan kashi 5 ke nan. Su sai sun tafasa ruwan tsiron sha'ir awa 1, sun zuba yis na musamman, sun jira mako 1 zuwa 2 kafin su kai haka.

Malamin Kimiyya: Injiniya, wannan awo zai yi ƙarya a kan kunu. Akwai gari da ke yawo a ciki yana ƙara nauyi, in ya kwanta lambar ta sauka ba tare da yis ya ci komai ba. Sai an tace da ƙyalle mai laushi an bar shi ya kwanta tukuna, kuma duk da haka ba ya bambance aikin masu tsami da na yis.

Injiniya a Turai: Ko da kuskure ya fi babu.

Bakano: Mu da ake neman kuɗin gero, ina mu ina gilashin Turawa?

Bakatsine: Ni tambayata, in tsiro ne laifi, Maltina fa? Da tsiron hatsi ake yin ta, kuma kamfanin Nigerian Breweries ne ke yi. Lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin nan suka koma kan dawarmu. Ana sha a walima ba wanda ya ce uffan, sai kunun talaka.

Bazazzagi: Ita ba a barinta ta tashi, ana dafa ta a cikin kwalba a kashe komai. Kun gani, kalmar dai ita ce.

Manomi daga Funtuwa: Kuna ta faɗa a kan maye kun bar abin da ke iya kwantar da mutum. Tsiron dawa yana da guba a ganyensa da saiwarsa, irin wadda ke kashe shanu in sun ci gyauron dawa. Dole bayan an busar da tsiro a murje shi da hannu, a sheƙe saiwar da ɗan ganyen, ƙwayar kaɗai za a niƙa. Kada a bar shi ya wuce kwana 3 ko 4, in ya yi tsawo ya yi kore zai yi ɗaci kuma gubar ta ƙaru. Wajen tsirarwa, a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu kada kaurinsa ya wuce yatsu 3, a yayyafa ruwa safe da yamma, a riƙa juyawa. In aka tara shi tudu zai yi zafi ya yi fumfuna. Wanda ya yi baƙi ko kore a zubar, wanki ba ya gyara shi.

Mai Kunu ta Kurna: Baba, wannan gaskiya ne, shi ya sa da yawa suka fi son tsiron shinkafa. Wani kuskuren kuma zuba tsiro a kunu yana tururi. Zafin yana kashe ƙarfinsa, a wayi gari kunu na nan da kauri babu zaƙi, sai a yi ta tura sukari. In kuma ya huce sosai, tsami zai riga zaƙi.

Malamin Kimiyya: Daidai. Digiri 60 zuwa 65 ake so. In ya haura 75 sinadarin ya mutu. In babu ma'auni, zafin da yatsa zai shiga amma ba zai iya daɗewa ba.

Ɗan Damagaram: Yatsa a cikin kunun sayarwa, Malam? Ga inda cutar take shiga.

Malamin Kimiyya: A ɗiba a ludayi a gwada a gefe mana.

Bazazzagi: Har yanzu Hajiya ba ta janye "tashi" ba.

Shugabar Zaure: To ya isa haka, za a rufe wannan magana. Abin da na fahimta an taru a kai shi ne tsiro yana da haɗari ta kowace fuska: ga guba, ga fumfuna, ga shi da shi ake burukutu kamar yadda Maman Biyu ta bayyana. Busasshen dankali ya wadatar, kuma kunun dankali ya fi daɗi da haske, haka iyayenmu suka yi. A jiƙa dankali kofi 2 ga mudun gero, a markaɗa da ɗanyen kason, a tace cikin awa 8, kada a haɗa da na jiya, a sayar a ranar. Maganar "tashi" kuwa Malam Bazazzagi ya fi gaskiya.

Maman Biyu daga Kafanchan: Shugaba, ban ce haka ba. Cewa na yi kunun Hajiya ba burukutu ba ne.

Mai Kunu ta Kurna: Kuma dankali kofi 2 ba zai tsinka mudu guda ba, Hajiya Shugaba, sai 3 ko a ƙara tsiro.