Abin da muka tattara kan kwafar fim ɗin Indiya

Yan uwa ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a majalisarmu ta Bauchi Road a Jos kan yadda masu fim ɗin Hausa ke kwafar fina-finan Indiya. Mafi yawa sun ce matsalar daga rubutu take, furodusa zai kashe kuɗi kan kyamara da waƙa amma ya ba marubuci ɗan canji, to dole ya ɗauko labarin Indiya ya sauya sunaye kawai. Shawara, a biya marubuta da kyau, a sayi haƙƙin littattafan Hausa a mayar da su fim. Wani dattijo yace tarihin haƙar kuza a nan Jos kaɗai ya isa fina-finai da yawa, wallahi gaskiyarsa ce. Matasa kuma su shiga National Film Institute, makarantar koyon harkar fim, tunda a garinmu take. In za'a maimaita tsohon fim a nemi izinin mai shi tukuna.