"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": ta dace da 'yan Whig na 1832?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Jiya ina yi wa ɗalibaina bayanin dokar gyaran zaɓe da Birtaniya ta yi a 1832, sai na ce musu wannan karin magana ta tattara manufar jam'iyyar Whig gaba ɗaya. Kafin dokar, Old Sarum, wani tudu da babu mai kwana a kansa, yana da wakilai biyu a majalisa, alhali Manchesta da Birmingham, duk da masana'antunsu da yawan jama'arsu, ba su da wakili nasu na kansu. Gwamnatin Whig ta Firaminista Lord Grey ta soke kujerun irin waɗannan mazaɓu guda 56, ta kuma ba wa magidancin birni ƙuri'a idan darajar hayar gidansa ta kai fam 10 a shekara. A watan Maris na 1831 Macaulay, ɗan majalisa na Whig, ya shaida wa majalisa cewa su yi gyara domin su tsare abin da ke hannunsu. A ganina wannan shi ne "gyara kayanka" tsantsa, amma wani abokin aikina ya ce na ɗora maganar inda ba gurbinta ba. Me kuka gani?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ina bayan abokin aikinka, kuma dalilina yana cikin karin maganar kanta. Wanda yake faɗinta ɗan hanya ne da ya ga mangala ta karkace a bayan jakin wani, ya yi magana, mai jakin ya harare shi, shi kuwa ya wanke kansa da cewa ba shi da buƙatar ko ƙwaya daga ciki. 'Yan Whig ba 'yan hanya ba ne. Kusan dukkan ministocin Grey masu sarauta ne ko 'ya'yan masu sarauta, masu gonaki da gidajen gado, watau jakin nasu ne, kayan ma nasu ne. A Yulin 1830 mutanen Faransa suka tumɓuke Sarki Charles na Goma, kuma a ƙarshen shekarar ma'aikatan gona a kudancin Ingila suna ta ƙona tarin ciyawa da farfasa injinan sussuka. Wanda ya yi gyara a irin wannan hali, maganar da ta dace da shi ita ce: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Malam Habu: Hajiya, na karɓi rabin gyaran. Amma ki duba wanda suke yi wa magana. Wellington, firaminista na jam'iyyar Tory kafin Grey, ya tashi a Nuwambar 1830 ya ce tsarin wakilcin da ake da shi ba ya buƙatar a taɓa shi, kuma majalisar masu sarauta ta yi watsi da ƙudurin a Oktobar 1831. Su ne suka ji "gyara" suka fassara ta da "sauke mu raba", kuma su 'yan Whig suke lallashi.

Ɗanjuma: To ai, Malam, masu tsoron ba su yi kuskure ba. Robert Peel, jigon Tory a majalisa, ya ce abin da ya hana shi goyon baya shi ne ba ya son buɗe ƙofar da bai ga yadda za a sake rufe ta ba. A 1837 Lord John Russell, jigon 'yan Whig, ya nuna cewa gyaran 1832 shi ne na ƙarshe, har aka yi masa laƙabi a kan haka, amma a 1867 aka faɗaɗa ƙuri'a zuwa ma'aikatan birane da yawa, kuma abin mamakin shi ne Disraeli, na ɓangaren da ya ƙi gyaran farko, shi ya jagoranci wannan. A 1884 Firaminista Gladstone ya kai ta karkara. An sauke kayan, an kuma raba, sai dai a hankali.

Baba Audu: Ɗanjuma, yarona, kun yi ta maganar mai jaki da ɗan hanya, kun manta da wanda ya ture mangalar. Da masu sarauta suka ƙi ƙudurin, talakawa ne suka fito a Bristol da Nottingham, aka kashe wasu, aka rataye wasu, kuma tsoron wannan tarzoma na cikin abin da ya sa Sarki William na Huɗu ya yarda zai naɗa sababbin masu sarauta da za su goyi bayan ƙudurin idan aka ci gaba da taurin kai. Da dokar ta fito a Yunin 1832, 'yan kasuwa da masu kantuna suka sami ƙuri'a, masaƙi da lebura suka tashi hannu rabbana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ya sa a 1838 ma'aikata suka fito da takardar buƙatunsu shida, ciki har da ƙuri'a ga kowane namiji baligi. A 1842 suka kai koke mai sa hannun mutum fiye da miliyan 3, majalisa ta ƙi ko sauraronsu, kuma Macaulay ɗin nan da Malam ya ambata yana cikin waɗanda suka tashi suka yi adawa, yana cewa irin wannan ƙuri'a barazana ce ga dukiya. Saboda haka maganar ta dace da su, amma a bakinsu gargaɗi ce ga talaka, ba lallashi ba ce ga mai sarauta.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina da ƙari ɗaya a kan lafazin. A gidanmu "bai zama sauke mu raba ba" nake ji, kuma mai son wasa da harshe zai iya cewa "bai zama ba" tana barin ƙofa ga "tukuna", ita kuwa "ba ya zama" ta rufe ta ruf. Malam Habu, da wanne ka rubuta a allo?

Malam Habu: Da "ba ya zama", Hajiya. Ranar Litinin zan rubuta su biyun, in sa 1837 a gefen ɗaya, 1867 a gefen ɗayan, in ji abin da yaran za su ce.