Zaɓen gwamnan Kano na 2019: a kan wane dalili aka ce bai kammala ba?

Ɗalibi daga Funtuwa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan zaɓen gwamnan Jihar Kano na shekarar 2019, kuma ina roƙon a amsa mini ita da hujja, domin duk wanda na tambaya sai ya ba ni amsa gwargwadon jam'iyyar da yake goyon baya. Abin da na fahimta shi ne, bayan ƙidayar ƙuri'un ranar 9 ga Maris, Abba Kabir Yusuf na PDP ne yake kan gaba, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje na APC yana biye da shi, amma hukumar zaɓe ta INEC ta ƙi bayyana wanda ya ci, ta ce sai an yi zaɓen cike giɓi. Da aka yi zaɓen kuma sai sakamako ya juya. Shin akwai wata doka da ta tilasta wa baturen zaɓe yin hakan, ko kuwa zaɓi ne da ya yi da ra'ayinsa? Idan kuma doka ce, me ya sa har yanzu mutane da yawa suke ɗaukar abin a matsayin ƙwace? Na gode.

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da alƙaluma, domin su ne kaɗai ɓangarorin biyu ba sa musu a kan cewa hukumar zaɓe ta sanar da su. A zagayen farko Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'u 1,014,474, Ganduje kuma ya sami 987,819, tazarar da ke tsakaninsu ke nan 26,655. A ranar Litinin, 11 ga Maris, baturen zaɓen jihar, Farfesa Bello Shehu, ya ce ba zai iya bayyana kowa ba, saboda yawan masu rajista a rumfunan da aka soke zaɓensu ya haura dubu ɗari, wato ya ninka tazarar sau da yawa.

Kundin tsarin mulki, a sashe na 179, ya gindaya sharuɗɗa biyu ne ga mai neman gwamna: ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma babu wanda ya yi gardama a kan cewa 'yan takarar biyu sun cika sharaɗi na biyu. Matsalar tana kan sharaɗi na farko. Dokar zaɓe ta 2010 ta ba da damar soke sakamakon rumfar da aka yi aringizon ƙuri'u a cikinta, kuma ta ce a sake zaɓe a wurin idan sakamakonta zai iya shafar na mazaɓar baki ɗaya. A kan wannan ne INEC ta gina ƙa'idar da ta sanya cikin littafin jagorancin ma'aikatanta, cewa muddin tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ba ta wuce yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba, to ba a san wanda ya fi yawan ƙuri'u ba tukuna, don haka sai an koma waɗannan rumfuna.

Ƙa'idar ba a Kano aka fara aiki da ita ba. A zaɓen Kogi na Nuwambar 2015, marigayi Abubakar Audu na APC yana gaba da ƙuri'u 41,353, amma masu rajista a rumfunan da aka soke sun kai 49,953, sai aka ce zaɓen bai kammala ba, kuma daga bisani Kotun Ƙoli ba ta ga laifin hukumar a kan wannan mataki ba. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, da zarar an amince cewa an soke waɗancan rumfuna, baturen zaɓe ba shi da wata mafita. Da ya bayyana Abba a wannan rana, da APC ce za ta garzaya kotu, kuma da hujjarta tana da ƙarfi.

An yi zaɓen cike giɓin a ranar Asabar, 23 ga Maris, a rumfuna sama da 200. Ganduje ya sami 45,876, Abba ya sami 10,239. Da aka haɗa, Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba da 1,024,713, aka bayyana gwamna mai ci a matsayin wanda ya yi nasara da ratar ƙuri'u 8,982.

Hajiya daga Tudun Wada:

Malam, bayaninka daidai ne a kan takarda, sai dai ka tsallake gaɓar da ta fi damun Kanawa, kuma ita ce amsar tambaya ta biyu da yaron nan ya yi. Ka ce "da zarar an amince cewa an soke waɗancan rumfuna". To, ta yaya aka kai ga soke su? Wuri mafi girma da aka soke shi ne mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa, mai rumfuna 62 da masu rajista sama da dubu arba'in. A Gama an yi zaɓe, an ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu sun karɓi kwafensu. Hargitsin bai faru a rumfuna ba, a wurin tattara sakamakon ƙaramar hukuma ya faru, cikin dare, inda aka lalata takardun. Nasarawa ce ƙaramar hukuma ta ƙarshe da ake jira, kuma kowa ya ga yadda ƙananan hukumomin cikin birni suka karkata ga PDP a wannan zaɓe. Tambayar da mutane suke yi har yau ita ce, me ya hana a ɗauko kwafen da ke hannun wakilan jam'iyyu da na 'yan sanda a sake haɗa sakamakon, tunda dama saboda irin wannan rana ake raba kwafen?

Ni a ganina a nan ƙa'idar take da rauni. An yi ta ne domin kada a tauye haƙƙin wanda aka hana jefa ƙuri'a, amma tana iya zama lada ga wanda ya ga zai faɗi ya tayar da rikici, domin yaga takarda ɗaya zai sama masa mako biyu da kuma fili ƙarami da zai tattara ƙarfinsa a kai. A cikin makonni biyun nan mutanen Gama sun ga aikin hanya da rijiyoyin burtsatse da kwashe shara irin wanda ba su saba gani ba. Ba na cewa laifi ne gwamnati ta yi wa unguwa aiki, amma kowa ya san abin da ya jawo gaggawar.

Sai kuma ranar zaɓen kanta. Masu sa ido na Tarayyar Turai da ƙungiyoyin cikin gida sun ba da rahoton cewa gungun matasa ɗauke da makamai sun mamaye wasu rumfuna suna tsorata masu zaɓe, an takura wa 'yan jarida, jami'an tsaro kuma ba su yi abin da ya kamata ba. Tun kafin yamma PDP ta nemi a soke zaɓen gaba ɗaya. Ka kuma duba alƙalumanka da kanka, Malam. A zagayen farko mutanen biyu sun raba ƙuri'u sama da miliyan biyu kusan daidai wa daida, amma a zagaye na biyu mutum ɗaya ya kwashe sama da kashi 80 cikin 100 na abin da su biyun suka samu. Wanda zai ce wannan ra'ayin jama'a ne ya sauya cikin kwana goma sha huɗu, sai ya yi mana bayanin abin da ya sauya shi.

Ɗan Sakkwato:

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ba zan musa abin da aka ruwaito game da ranar 23 ga wata ba, amma ina so in ja hankali ga abu ɗaya, domin sau da yawa ana magana kamar an ƙirƙiro zaɓen cike giɓi ne domin a ƙwace wa 'yan adawa nasara. Jihohi shida aka ce zaɓensu bai kammala ba a wancan mako: Adamawa, Bauchi, Binuwai, Filato, Kano da Sakkwato. PDP ce take kan gaba a biyar daga ciki, APC kuma a Filato kaɗai, kuma wannan ne ya sa zargin ya yi ƙarfi a lokacin. Amma da aka kammala, Ahmadu Umaru Fintiri na PDP ya ci Adamawa, Bala Muhammad na PDP ya ci Bauchi, su biyun kuma gwamnonin APC masu ci suka kayar. Samuel Ortom na PDP ya riƙe Binuwai, Simon Lalong na APC ya riƙe Filato. A nan Sakkwato Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya shiga zagaye na biyu da ratar 3,413, ya fita da ratar 342 kacal, 512,002 da 511,660 na Ahmad Aliyu na APC, kuma duk da cewa APC ce take riƙe da gwamnatin tarayya, haka aka bayyana shi.

Ke nan a cikin jihohin shida, Kano ce kaɗai wanda yake gaba ya koma baya. Wannan yana nuna mini cewa ƙa'idar ita kaɗai ba ta isa ta juya sakamako ba, abin da aka bari ya faru a rumfunan ne yake juya shi. Ina kuma da 'yar gyara a kan batun kashi 80 ɗin. Rumfunan da aka sake zaɓe ba lallai ne su yi kama da sauran jihar ba, kuma idan magoya bayan ɓangare ɗaya suka zauna a gida, ko don tsoro ko don sun ji jam'iyyarsu ta yi watsi da zaɓen, dole rabon ya karkace. Alƙalumman suna sa a yi shakka, amma ba su ne suke bayyana musabbabin ba.

Ɗalibi daga Funtuwa:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da ya rage mini shi ne batun kotu. Idan har masu sa ido na waje sun shaida rikicin, me ya sa alƙalai ba su soke zaɓen cike giɓin ba? Kuma an yi wani gyara a dokar bayan wannan?

Lauya Mai Ritaya:

Ɗana, kotun zaɓe ba ta yanke hukunci da abin da gari ya sani, da abin da aka tabbatar a gabanta take yankewa. Doka tana ɗaukar sakamakon da INEC ta bayyana a matsayin sahihi har sai mai ƙara ya rushe shi, kuma hanyar rushe shi tana da wahala ƙwarai: sai ya kawo shaidun da suke wurin da idonsu, rumfa bayan rumfa, su danganta kowace takarda da abin da ake zargi, domin jibge wa alƙalai akwatunan takardu ba tare da mai bayani a kansu ba ba ya zama hujja. Zargin tashin hankali da maguɗi kuma laifi ne, saboda haka ana neman a tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto ba. Duk wannan dole a yi shi cikin kwanaki 180 da tsarin mulki ya ba kotun, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu ake ware wa mai ƙara domin gabatar da shaidu.

A ranar 2 ga Oktoba, 2019, kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ƙarƙashin Mai Shari'a Halima Shamaki ta kori ƙarar Abba da PDP, ta ce ba su tabbatar da zarge-zargensu ba, kuma hukumar zaɓe tana da hurumin matakin da ta ɗauka. Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta amince da hukuncin a watan Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta rufe maganar a ranar 20 ga Janairu, 2020. Ka lura da cewa hukuncin da ya ce ba a kawo isasshiyar hujja ba daban yake da hukuncin da ya ce babu abin da ya faru, kuma rashin bambance waɗannan biyun ne yake sa gardamar ta ƙi ƙarewa a majalisu.

Game da gyara, an yi wasu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ana auna aringizo ne da yawan waɗanda na'ura ta tantance a rumfa, saɓanin da, da ake auna shi da yawan masu rajista. Ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta sake duba sakamakon da aka bayyana bisa tilas ko saɓanin doka. A ƙa'idojinta na zaɓen 2023 INEC ta koma kwatanta tazarar da yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe a rumfunan da aka soke. Wannan ya rage giɓin, amma a ra'ayina bai isa ba, domin a Kano ko rabin masu rajista ba su fito ba a 2019, alhali lissafin yana ɗauka cewa kowane mai kati zai fito kuma zai zaɓi na biyu.

Zaɓen 18 ga Maris, 2023, ya ƙara ba da abin dubawa. Abba, a ƙarƙashin NNPP, ya sami 1,019,602, wato kusan adadinsa na 2019, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma ya sami 890,705. Duk da cewa tazarar ta kai 128,897, wakilan APC sun nemi a ce zaɓen bai kammala ba, amma baturen zaɓe ya bayyana sakamakon. Rigimar sai ta koma kotu, inda aka cire wa Abba ƙuri'u 165,663 a matakin farko saboda rashin hatimi da sa hannu a kan takardun ƙuri'ar, har sai da Kotun Ƙoli ta mayar masa da su a ranar 12 ga Janairu, 2024.