Kaskad da randone, me za mu ce musu da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Yau kalmomin Faransanci biyu na kawo muku, kaskad da randone. Ɗan yayata da ke karatu a Bobo ta Burkina Faso ya turo bidiyo cikin gurup ɗinmu na gida a WhatsApp wai sun tafi randone sun ga kaskad, tsohuwarmu ta ce a fassara mata, aka ce Iya ai ruwa ne mai faɗowa daga bisa dutse, ta ce wannan bayani ne, sunansa fa? Gurup ya yi tsit. Ban ga laifinmu ba, mu ƴan Damagaram da muka tashi cikin layin famfo da bido da jiran ƴan garuwa, garin da tun 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake faɗa, ina muka ga ruwan da ya yi yawa har yana dirowa daga dutse rani da damina? Duwatsun dai muna da su a unguwar Birni, ruwan ne babu.

Ba irin babban nan nake nufi ba na iyakar Zambiya da Zimbabuwe mai mita 108 wanda Livingstone ya sa wa sunan sarauniyar Ingila Victoria a 1855. Ƙarami nake nufi, na bakin gulbi, wanda za ka ajiye mota ka taka kaɗan da yara ka je ka gani ka dawo kafin la'asar.

Wani tun safe ya rubuto min faɗuwar ruwa. Wannan kam ban karɓa ba, Faransanci ne aka sa wa hular Hausa, kuma je ka Mirya ka ce wa manomi za ka tafi kallon faɗuwar ruwa, zai ɗaga kai ya dubi gabas ya ga ko hadari ya haɗu, don shi faɗuwar ruwa damina ce da shuka.

Wata malamar lakwal ta amsa:
Yaya ni magangarar ruwa nake cewa yara a aji kuma suna ganewa, me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Malama suna ganewa don kin nuna musu hoto ne. Gangarowa daban dirowa daban. Ruwan da ke gangara bai rabu da ƙasa ba, yana bin jikinta ne, duk watan Agusta in aka yi ruwa mai ƙarfi za ki ga yana gangarowa daga duwatsun Birni yana bin lunguna, wannan ma magangara ce amma ba wanda zai biya kuɗin mota ya zo kallo. Shi wanda muke magana yana zuwa bakin dutse ya saki dutsen, ya bi iska, ya faɗa ƙasa da ƙara. Haka makwarara da magudana, su hanyar ruwa ce, magudana ma yanzu in ka faɗe ta a gari kwata mutane ke tunawa da leda a toshe.

Wani direban babbar mota da ke bin hanyar Burkina:
Malam wurin da yaronku ya je na san shi, Karfigela ne kusa da Banfora, bisa kogin Komowe. Daga gari za ka ratsa gonakin rake, in ka sauka mota sai ka bi wata hanya a ƙarƙashin manyan itatuwan mangwaro inuwa har ba ka ganin rana, tun ba ka iso ba kunnenka ya riga idonka, wani irin gurnani kamar injin nika daga nesa. Sai a hau dutse kaɗan kaɗan, ba wahala, tsoho ma na iyawa in ya bi a hankali. Ruwan ba faɗowa ɗaya yake ba, hawa hawa ne, ya diro nan ya taru ya sake dirowa can, mutane na wanka a tsakani. Abu ɗaya, kar ka je da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye, dutsen da ruwa ke bi yana da gansakuka santsi gare shi, na ga babban mutum da babbar riga ya zauna daɓas ba shiri. Ni dai in za ku tambaye ni ku ce masa indararon dutse kawai.

Alhaji wlh ka ba ni dariya amma maganarka ba ta banza ba ce, indararo shi ne abin da ya fi kusa a cikin abin da muka sani, ruwa ya taru bisa soro ya fito ta baki ya diro tsakar gida. Matsalar kawai indararo mutum ne ya yi shi ya kafa, kuma in ka ce indararo ka ƙasƙanta abin, Farin Ruwa da ke Wamba a jihar Nasarawa ya kai wajen mita 150, wa zai kira wannan indararo? Amma a lura da sunan, Farin Ruwa, mutane sun ga kumfa fari fat daga nesa suka sa suna da abin da idonsu ya gani, ba su je neman fassara ba.

Wani dattijo mai koyar da Hausa:
Akwai mafaɗar ruwa, an daɗe ana rubuta ta.

Ranka ya daɗe gaskiya ne kuma ba ta da aibu a nahawu. Abin da ya hana ni rungumarta biyu ne, a rubuce ba karin sauti faɗa na iya zama na dambe ko na magana, sannan mafaɗa a kunnena wurin da ruwan ya faɗa ne wato kududdufin da ke ƙasa, ba inda yake sakin dutse ya diro ba. Ni ga wadda na zo da ita, kuma ba ni na ƙirƙire ta ba: matsirga. A kusa da Kafanchan a kudancin jihar Kaduna akwai ruwa mai dirowa kusan mita 30 sunan da aka san shi da shi Matsirga. Ku dubi ginin kalmar, tsirga ita ce dirowa daga bisa, ya tsirgo daga katanga, ya tsirgo daga kan doki, sai ma a gaba da a a ƙarshe irin na jima majema, rini marina, karatu makaranta. Kalma ɗaya ce ba sai an jingina mata ruwa ba ma in magana ta yi nisa, kuma tana ɗauke da tsallen nan da magangara ta rasa. Ƙaramar sai a ce ƴar matsirga, shi ke nan.

Wani ɗan Agadas:
To mu ta Timiya fa a cikin Ayar? Tana fitowa ta tsakanin duwatsu ta zuba cikin wani tafkin dutse da Buzaye ke kira agelmam, bayan damina take da ƙarfi, da rani sai ta koma siririya. Ita ma matsirga ce ko da ruwan ya ja baya?

Ita ce mana ɗan uwa, nan ma kalmar ta yi mana rana, tunda sunan wuri ce ba sunan ruwan ba. Makaranta ko ana hutu makaranta ce. Ka ga ashe ma muna da tamu a Nijar, ga lambunan lemu da rumman a gefe, mu muna nan muna kallon ta Burkina a waya.

Saura randone, wato tafiya a ƙafa don nishaɗi, wannan ba za ta ɗauki lokaci ba. An ce yawo, ni ina tsoron yawo, ka ce ƴarka ta tafi yawo ka ji yadda maƙwabta za su kalle ka. An ce zagayawa, wanda ya faɗi haka ya san inda ake zuwa in an ce bari in zagaya, Allah ya shirye shi. Yawon buɗe ido ya yi faɗi, da jirgi ma ana yinsa. Taka sayyada ta wanda ya rasa kuɗin kabu kabu ce ba ta mai nishaɗi ba. Tattaki na da kyau amma tana da nauyi, tafiya ce mai nisa da niyya, irin ta wanda ya ɗaura guzuri zai kwana a hanya ko zai hau dutsen Bagzan, a bar ta ga wannan. Ita mai sauƙin ta awa ɗaya ko biyu muna da ita tuntuni a bakinmu, miƙe ƙafa. Bari in ɗan miƙe ƙafa, ba gona za ka ba, ba kasuwa ba, ba aike ba, tafiyar ce kawai kake so.

Don haka saƙon yaron nan da Hausa zai zama mun fita miƙe ƙafa mun je ƴar matsirga a bakin gulbi.

Malamar lakwal ta dawo:
Na yarda Yaya amma yara za su tambaye ni jam'i, in suna da yawa fa?

Matsirgu, kamar makarantu da majemu. Alhaji direba ya turo min murya yanzu ya ce shi fa yana nan kan indararonsa ko duk gurup ya bar shi, kuma dattijonmu ya ce zai ci gaba da rubuta mafaɗar ruwa a takarda amma ba zai ja wa ɗalibi jan biro ba in ya rubuta matsirga. Ƴan Kafanchan in akwai ku a nan ku yi mana murya mu ji yadda kuke furta ta.